Shanyar Inna Mai Guga

Shekara talatin da ɗaya Inna Mai Guga ta yi a ɗakin wanki na asibiti, ranar da aka sallame ta kuma sai hannunta ya ce shi ba a sallame shi ba. Kullum da safe takan yaye zanin gadonta, wanda ita kaɗai ke kwana a kai, ba ta ma juyi in tana barci, ta jiƙa shi a baho, ta cuɗa, ta ɗauraye sau uku, ta ɗiga masa bula, ta matse, ta fita baranda ta baza shi a kan ƙarfe. Daga bene na biyu yake zubowa fari fat, yana kallon titi. Duk wanda ya karyo kwanar layin, kafin ya ga allon kantin magani ya ga shanyar Inna.

To, shanya a barandar da ke fuskantar titi laifi ne. Haka aka rubuta a wata tsohuwar doka da ba wanda ya taɓa karantawa sai mutum ɗaya, Kofur ɗin unguwar, wanda ake ce wa Kofur Sannu-Sannu. A tafiya ya samo sunan: ko ihun ɓarawo ya ji, sai ya tsaya ya gyara hula tukuna. Kullum wajen ƙarfe tara da rabi sai ya hau matakala ashirin da biyu, ya huta a ta goma sha ɗaya, ya ƙwanƙwasa ɗaki na shida. Biyu a jere, ɗaya a baya.

"Inna, an sake."

"An sake me?"

"Laifin jiya."

"Au, na jiya ne? Na ɗauka sabo ka samo min. Shigo ka zauna, kakin ne na gwamnati, gwiwar taka ce."

Sai ya shiga ya zauna a kujerar da ke jikin ƙofa, ya ɗora hula a cinya, ta zuba masa shayi a kofin da ba mai sha da shi sai shi. Ya ba ta labarin ƙafarsa, ta ba shi labarin bayanta. Ta duba kwalar rigarsa ta ce duk wanda ya yi wannan gugar, dutsen guga ba zai yafe masa ba. Ya ce matarsa ce. Ta ce to a gaishe ta. Minti goma, ya miƙe.

"Na dai gargaɗe ki ko?"

"Ka gargaɗe ni."

"To sai gobe."

Shekara shida ana wannan gargaɗi, kuma yana da asali.

Benen nasu gidan haya ne, ɗaki goma sha biyu. Mutanensa masu fita ne tun duku-duku su dawo a gajiye, kafin ka riƙe fuskar maƙwabci ya tashi wani ya shigo. A ɗaki na tara, daidai saman na Inna, akwai wani tsoho mai gyaran agogo, shi ma shi kaɗai. Ya rasu wata Alhamis, ba a sani ba sai Talata, kuma ba wani ne ya yi kewarsa ba, hanci ne ya kai rahoto. Kwana biyar Inna tana jin agogunansa na bugawa ta rufin ɗakinta tana cewa bawan Allahn nan akwai son aiki. Kofur ne ya ɓalle ƙofar da kafaɗa. Da aka fitar da gawar aka sauko wa Inna da zanin gadon, wai ita ce gwana. Sau ɗaya ta dube shi. A shekara talatin da ɗaya ba zanin da ya gagare ta, na ɗakin haihuwa, na ɗakin tiyata, na waɗanda aka kwaso daga haɗarin mota. Wannan ta ce a ƙona.

A ranar, a kan matakala, Kofur ya tsaya yana share gumi ya ce mata, "Inna, shanyar nan taki laifi ne, ya zama dole in riƙa hawowa kullum ina miki magana. Ranar da kuma na shigo layi ban gan ta ba, ba zan ƙwanƙwasa ba. Kafaɗar nan da kika gani ita za ta yi sallama."

Ba su sake tayar da zancen ba.

Tana da 'ya guda ɗaya, tana aure a wani gari mai nisan kwana biyu a mota, takan kira duk ranar Lahadi. "Mama, kin ci abinci? Ki riƙa motsa jiki fa." Yarinyar kirki ce, ba a ce ba. Amma Inna ta duba abin da kyau: wanda ya faɗi ranar Litinin, tsakaninsa da wayar Lahadi kwana shida ne. Mai agogo ma biyar ya yi.

Ana nan sai aka kawo sabon Sufeto.

Mutum ne mai ƙyalli: takalminsa, bel ɗinsa, goshinsa. An taɓa tura shi taron bita na kwana uku a wani otal mai sanyi, ya dawo da satifiket, da jaka mai tambari, da wata irin tafiya. Ba ya magana uku bai ce "kamar yadda muka gani a bita" ba, shi ya sa kafin sati ya zagayo unguwa ta raɗa masa Sufeto Bita. Ya tara jama'a a filin bayan ofishin 'yan sanda, aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, aka kunna majigi da tsakar rana, ba abin da ke fitowa a allon sai inuwar kansa. Ya riƙa nuna farin allo da sanda yana cewa, "Kamar yadda kuke gani."

Inna ta je, don ta kwana biyu ba ta zauna cikin mutane ba.

"Masana sun gano," in ji Sufeto, yana barbaɗa Turanci kamar mai zuba gishiri a girkin da ba shi zai ci ba, "cewa babban laifi daga ƙarami yake tsirowa. Taga ɗaya in ta fashe aka bar ta, gobe a fasa ta biyu, jibi a yi sata, gata a yi kisan kai."

Mai kantin magani ya ɗaga hannu. "Ranka ya daɗe, tagar ofishinku fa? Shekara biyu ke nan kwali ne a jiki."

"Tambayoyi sai a ƙarshe."

Ƙarshen ya zo, tambayoyi ba su samu kujera ba.

Sabon tsari sunansa ba sani ba sabo. Sufeto ya ce sabo shi ne cutar aikin ɗan sanda: daga "sannu da aiki" sai shayi, daga shayi sai kau da kai. Daga yau ba gargaɗin baki. Ba zama a gidan kowa, ba karɓar ko ruwa, ba hawa benen mutane sai da takarda a hannu. Kowane laifi takarda, mai laifi ya sa hannu. Takarda uku, in ɗan haya ne a kai maganarsa gaban mai gida, in mai sana'a ne a tashe shi daga wurin. Aka raba wani ɗan littafi mai shafi goma sha biyu, hoton Sufeto a bango yana kallon nesa kamar mai hango jibi. Mutane suka yi fifita da shi.

Washegari, tara da rabi, biyu a jere, ɗaya a baya. Inna ta buɗe ta juya za ta ɗauko fulas. Kofur bai shigo ba. Yana tsaye a bakin ƙofa, hula a ka, takarda a hannu.

"Shigo mana."

"An hana, Inna."

"Shayin fa?"

"Shi aka fi hanawa. Wai daga shi ake zarcewa kisan kai."

"To ni shekara shida ina ba ka, wa ka kashe?"

Bai yi dariya ba. Ya miƙo biro. "Sufeto yana ƙasa cikin mota, barandar yake kallo. Sa hannu a nan. Don Allah ki ɗauke zanin, Inna. Kin san mai gidan nan ya daɗe yana neman ƙofar da zai tashe ki ya zuba sababbin 'yan haya."

Ta sani. Ta sa hannu a hankali, harafi bayan harafi, yadda take yi a littafin karɓar kaya na asibiti, inda ta koya wa kanta karatu daga sunayen ɗakunan marasa lafiya da ke jikin buhunan wanki.

Washegari ta sake shanya, don hannu ba ya jin doka rana ɗaya. Takarda ta biyu. Wannan karon Kofur ko ido bai ɗaga ba. "Saura ɗaya," ya ce. "Ina za ki kai kayan nan da tsufanki?"

Ta dubi ɗakin. Gado, kwaba, teburin guga, baho biyu, hoton marigayi mijinta da ya koɗe har ya fara kama da kowa. Shekara ashirin da huɗu a ɗaki na shida. Ta nemo igiya ta ɗaura a ciki, daga ƙusar hoton zuwa marfin kwaba. Zanin ya koma sai ya wuni ya kwana bai bushe ba, yana warin danshi, in za ta banɗaki sai ta sunkuya ta ƙarƙashinsa.

Layin kuwa ya gyaru, kar a ci hakkin Sufeto. An kori mai gyaran takalmi daga gindin turken lantarki. An ɗauke bencin da wasu tsofaffi uku ke zama suna gardamar ƙwallo. Mai aski ya shigar da tawul ɗinsa, mai jarida ya koma wani layi, tsofaffin kowa ya koma ɗakinsa, ɗaya daga cikinsu ma ba a sake ganinsa ba, ba kuma wanda ya san wa zai tambaya. Ko ɓawon lemo babu a ƙasa. Inna ta tsaya a baranda, hannu biyu a kan ƙarfen da ba komai, ta ga layin ya yi tsaf, ya yi tsit, kamar ɓangaren asibitin nan da ba a zuwa dubiya.

Ta ce ai ba komai, in Kofur zai wuce sai ta ɗaga masa hannu, ɗaga hannu dai ba a ce laifi ne ba. Ta tsaya tara da rabi, ta tsaya goma. Bai wuce ba. Mai kantin magani ne ya gaya mata, ranar da ta sauka sayen man zafi: layinsu ya samu yabo, an liƙa masa koren tauraro a taswirar ofis, layin da ya samu koren tauraro kuma ba a ɓata masa ɗan sanda. An mayar da Kofur can wajen tasha, inda har yanzu ake laifi.

"Mun ci gasa, Inna," in ji mai kantin. "Yanzu ko yanka mutum za a yi a layin nan, cikin tsabta za a yi."

Kwana goma sha tara ba a taɓa ƙofarta ba. Ta fara jin abubuwan da a da ba ta ji: ɗigar famfo, gurnanin firjin maƙwabta, takun masu hawowa su wuce ɗaki na shida ba su rage sauri ba. Da safe takan ɗauko kofi biyu, ta mayar da ɗaya. Ranar Lahadi 'yar ta kira. "Mama, lafiya dai ko?" "Lafiya lau." "Ki riƙa motsa jiki fa." Inna ta so ta ba ta labarin zanin, sai ta jiyo daga can yara na kuka, ana kiran uwarsu. Ta ce a shafa mata kansu.

Ranar Litinin ta faɗi.

Ruwan da zanin ke ɗigarwa a siminti ne ya kwashe ta. Ta sunkuya za ta wuce, ƙafa ta yi gabas ita ta yi yamma. Ba ta suma ba, ba abin da ya karye, ƙugu ne kawai ya ce shi ba inda za shi. Tana kwance, kuncinta a siminti mai sanyi, zanin a samanta yana ɗiga mata a wuya. Waya tana kan teburin guga, taku huɗu, wato wata ƙasar. Ta yi kira sau biyu. Benen ba kowa, duk an tafi neman abinci. Ta ji agogon bango ya buga tara, can ya buga rabi, ta kama kanta tana saurare.

Ba ta yi kuka ba. Ta leƙa ƙarƙashin gado ta ga dattin da ya isa a kori ma'aikaciya. Ta tuna yau Litinin. Ta yi tunanin wa za a kai wa zaninta, tunda gwanar ce a kwance.

Sai wajen ƙarfe uku ta ja jiki ta kama ƙafar gado, ta hau da ƙyar. Ba wanda ya san ta faɗi, ba wanda ya san ta tashi. Na biyun ya fi mata ciwo.

Kwana biyu ta yi a gado. Abin karantawa ɗaya ne a kusa, littafin Sufeto, da take ɗora kofi a kan fuskarsa. Ta buɗe don rage zaman shiru, tana bin layi da yatsa. Mutumin ya yi aiki: har tsawon da ciyawa za ta kai kafin ta zama laifi ya rubuta. A shafi na tara ta tsaya. Ta sake karantawa, ta tashi zaune, ta manta da ƙugu.

Sufeto, don kada wani ɗan sanda mai tausayi ya yaga takarda a hanya, ya rubuta cewa ba a rufe takarda, ba a ƙirga ta cikin ukun, ba a kai ta gaba, sai mai laifi ya sa hannu da kansa. In ya ƙi, ɗan sandan unguwa zai koma ƙofarsa washegari, ya kuma komawa, kowace rana, ba hutu ba ɗaga ƙafa, har sai ya sa. An ja layi biyu a ƙarƙashin "kowace rana". Da alama a bita ba a kawo misalin wanda zai so a dawo masa ba.

Ranar Alhamis ta wanke zanin, ta ɗauraye sau uku, ta ƙara bula, ta baza shi a ƙarfen baranda har ya kusa shafar allon kantin magani. Ta jira awa guda, ba wanda ya gani, layi ne mai koren tauraro. Sai ta ɗauki waya ta kira lambar da ke bayan littafin.

"Ofishin 'yan sanda? Rahoto na kawo. Akwai wata tsohuwa a benen da ke saman kantin magani, ɗaki na shida, ta yi shanya a titi. Ba ta jin magana ko kaɗan."

"Wa ke magana?"

"Wata mai kishin unguwa."

Sai wajen sha ɗaya ta ji takun Kofur, an turo shi daga tasha. Hutun matakala ta goma sha ɗaya ya fi na da tsawo. Biyu a jere, ɗaya a baya.

Kofur ya rame, kwalar rigarsa ta ƙara lalacewa. Ya dube ta, ya dubi yadda ta dafa bango, ya dubi takardar hannunsa.

"Inna, me ya kai ki? Ta uku ce fa. Wani ɗan baƙin ciki ne ya buga waya, wallahi in na gano shi..."

"Ka bar shi da Allah."

"Me ya sami ƙugunki?"

"An hana ka tambaya. Karanta min laifina."

Ya karanta, murya ƙasa-ƙasa, ya miƙo biro yana kallon gefe. Inna ta mayar da hannuwanta baya.

"Ba zan sa ba."

"Inna, ba a ƙi."

"Ana ƙi. Shafi na tara. Kai ba ka karanta littafin oganka ba?"

"Wa ya karanta?"

Ta miƙa masa, da shatin gindin kofi a goshin Sufeto. Kofur ya karanta yadda yake tafiya. Ya kai ƙarshe, ya koma farko. Sannan ya cire hula ya share fuska da ita, abin da shi ma an hana, ya mayar.

"Wato in kin ƙi, dole gobe in dawo."

"Haka masana suka gano."

"Jibi ma."

"An ja layi biyu."

Ya gyara tsayuwa, ya buɗe murya yadda duk benen da ba kowa zai ji. "Baiwar Allah, za ki sa hannu ko ba za ki sa ba?"

"Ba yau ba, Kofur."

"To ki sani hukuma ba ta gajiya."

"Allah ya ƙara mata lafiya."

A rana ta takwas Sufeto Bita ya hau da kansa, saboda takarda ɗaya a buɗe ta hana shi rufe rahoton wata. Ya iso yana haki, ƙyallin goshin ya zama gumi. Ya yi mata bayanin taga. Ya yi mata bayanin ƙasashen da suka ci gaba, inda ya ce ba a shanya. Inna ta saurara har ya gama, sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, wa ke maka guga? Karin wandon nan biyu ne."

Ya dubi wandon. Biyu ne.

"Kofur, kama hannunta ta sa!"

"Ranka ya daɗe, da kanta littafi ya ce."

"To rubuta mata wata sabuwa!"

"Ita ma sai ta sa hannu, ranka ya daɗe. Sai dai in riƙa hawowa da biyu."

"Yaga wannan ɗin!"

"Shafi na huɗu. Wanda ya yaga takarda, kora."

"Wane irin mutum ne ya rubuta..." Sai ya tsaya. Littafin yana hannun Kofur, hoton yana kallon nesa. An buga guda dubu biyu, an kai wa manya a hedikwata, har tafi aka yi masa. A taɓa shafi na tara, an ce ke nan akwai abin da ba a gani ba a bita. Sufeto ya ce za a ga wanda zai fara gajiya, ya sauka yana murza karin wando da yatsa.

Haka aka ci gaba. Ba kamar da ba ne, kar a yi ƙarya. Kujerar jikin ƙofa ba mai zama. Ba labarin ƙafa, ba labarin baya, minti ɗaya ne, wata ran ma bai kai ba. Takardar ta yi laushi a aljihun Kofur har ya sa ta a leda. Mai gyaran takalmi bai dawo ba, benci bai dawo ba. Amma tara da rabi ana taɓa ƙofar.

Bayan wata bakwai, wata Talata, da ta ce "ba yau ba", Kofur bai juya ba.

"Inna, Juma'a zan ajiye kaki. Shekaru sun cika. Garinmu za mu koma ni da matata mai gugar."

Ta kama bakin ƙofa. "To. Allah ya sa a huta lafiya. Ƙafar za ta ji daɗi."

"Na rubuta a takardar miƙa aiki. Bene na biyu, ɗaki na shida, takarda a buɗe, mai laifi mai taurin kai, a je kowace rana. Na ja layi uku." Ya mayar da takardar cikin leda. "Na kuma rubuta, ranar da aka buga ba a buɗe ba, a ɓalle ƙofar. Na ce kina iya guduwa."

"Da wannan ƙugun?"

"Ba su san ƙugun ba."

Ta so ta ce ya shigo ko sau ɗaya, saura kwana uku me za a yi masa. Shi ma ya kalli kujerar. Sannan ya gyara hula ya sauka. Ta ji ya tsaya a ta goma sha ɗaya, ya daɗe.

Ranar Asabar ta tashi da wuri, ta wanke zanin, ta shanya. Ta ɗauko kofi ɗaya. Tara da rabi ta yi, ta gota da minti biyar, da goma. Ta zauna a bakin gado, hannu a cinya, tana kallon ƙofa. Sai ga taku mai sauri, bai huta ko'ina ba. Bugu huɗu da ƙarfi, irin na wanda bai san ƙofar ba.

Wata 'yar sanda ce, doguwa, fuska ba yabo ba fallasa, leda a hannu. Ba Inna ta duba ba, lambar ɗakin ta duba.

"Ke ce ɗaki na shida?"

"Ni ce."

"Sa hannu."

"Ba yau ba."

Matar ta ɗago ta yi mata kallon da ake yi wa aikin da aka gada. "An gaya min. Kin san gobe ma sai na hawo benen nan saboda ke?"

"Na sani, 'yar nan."

"To ki ji da kyau, ni ba Kofur ba ce. Ba na wasa, ba na fashi. Ko ruwa ake ko rana sai kin gan ni."

"Allah ya yi miki albarka."

Matar ta ɗan tsaya tana neman inda zagin yake, ba ta samu ba, ta juya. Inna ta bar ƙofar a buɗe tana jin takun har ƙasa. Wandon matar kari ɗaya ne, tsaf. Ta so ta gaya mata, amma an riga an sauka.

Ta rufe ƙofa, ta zuba shayi a kofi ɗayan, ta zauna a kujerar da ke jikin ƙofa ta sha.